Bakan Samick Sage: ya yi, amma ku ɗauki mara ƙarfi

Masu ta tambaya ta wane baka za su saya su fara koyon harbi, to ni dai Samick Sage nake riƙewa kuma shi zan ce ku nema. Samick kamfanin Koriya ta Kudu ne, bakan tsawonsa inci 62, kashi uku ne, mariƙin katako a tsakiya sai reshe biyu sama da ƙasa da ake ɗaurewa da noti, da hannu ma kake murɗawa ba sai da sifana ba. Ka kwance ka zuba a jaka, ba mai sanin me ka ɗauko.

Abin da ya fi burge ni shi ne rassan ana canza su. Akwai daga laba 25 har laba 60, wato nauyin da za ka ji in kana jan tsirkiya, to don Allah ɗan'uwa ka fara da 25 ko 30, ka bar zancen wai kai ƙato ne kana ɗaga buhun masara. Baka mai ƙarfi shi ke lalata hannun sabon shiga, za ka ga mutum ya ja tsirkiya kafaɗarsa ta haye har kunne, hannu na karkarwa, tun kafin ta iso fuska ya sake, kibiya ɗaya gabas ɗaya yamma sai ya ce ai bakan ne ba kyau. Da mara ƙarfin kuwa kana da sukunin ka tsaya a gicciye, ƙafa daidai faɗin kafaɗa, ka ja da naman bayanka ba da damtse ba, ɗan alinka ya sauka a gefen baki, wuri ɗaya kullum, ka riƙe ka ɗan numfasa sannan ka saki yatsun kawai. Kuma kar ka sauke hannu sai ka ji kibiyar ta ce tas a jikin buhun da kake harbi. In jiki ya saba sai ka sayi rassa masu ƙarfi, mariƙinka na nan.

Ka haɗa da fatar kare hannu da ta yatsu, tsirkiyar nan in ta zane ka a sangalin hannu wallahi sai wurin ya yi baƙi, maganinsa ka ɗan juya gwiwar hannu waje. Sabuwar tsirkiya tana ɗan miƙewa da farko, ka riƙa ƙara mata murɗi. Kar ka taɓa ja ka saki ba kibiya, reshe na iya tsagewa, kar kuma ka bar shi cikin mota a zafin ranar Afrilu.

Kibiyar kyauro irin ta mafarautanmu ba ta da gashin tsuntsu a gindinta, ban ba da shawarar ta a nan ba, nemi mai gashi wadda ta dace da ƙarfin bakanka. Matsalar dai kuɗin kawowa ne, da dala ake lissafi, gara ku haɗu ku uku ku yi oda tare.