GARGAƊI: mai tallan inhela a WhatsApp ya cinye mini naira dubu 202

Assalamu alaikum. Duk wanda yake da mai asma ko ciwon huhu a gida ya tsaya ya karanta wannan. Akwai wani mutum da yake yawo a guruf-guruf na WhatsApp da Facebook yana cewa yana kawo inhela, wato maganin shaƙa, Seretide da Ventolin daga Misira a farashi mai sauƙi. Ɗan damfara ne. Ya karɓi naira dubu 202 a hannuna, dubu 202, kuma abin da ya aiko mini kwanko ne da wasu suka gama shaƙa suka jefar. Allah ya isa tsakanina da shi.

Kafin wani ya zo yana cewa son araha ne ya ja mini, ku ji yadda abin yake. Innarmu ta daɗe tana fama da sarƙewar numfashi, likita ya ce hayaƙin itacen girki na shekara da shekaru ne ya taɓa mata huhu. Ya rubuta mata Seretide 250, zagayayyen nan mai launin shunayya, ta shaƙa safe da yamma, sai Ventolin shuɗin nan in abin ya taso. Seretide ɗaya shaƙa 60 ne a ciki, wato wata ɗaya cif ya ƙare. Kowane wata sai an sayi sabo, ba magani ba ne da za ka ce bari sai an yi albashi. Kafin 2023 ba ya kai mini dubu 10. Aka saki farashin naira ya bi kasuwa a watan Yuni na 2023, a watan Agusta kamfanin GSK mai yin sa ya sanar zai daina harka kai tsaye a Najeriya ya bar wa dillalai, daga nan magani ya yi wuya, in ka same shi ma kuɗin ya hau. Na ƙarshe da na tambaya a famasi dubu 52 aka ce mini. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 dubu 70 ne. Ni malamin makaranta ne, ina da iyali. To ku faɗa mini, wanda aka ce masa ga shi a dubu 30, ba zai tsaya ya saurara ba?

Kuma ban tura kuɗi haka kawai ba, wallahi ban tura ba. Na kira shi muka yi magana. Abin da ya fara tambayata shi ne, "Malam, 250 aka rubuta wa Hajiya ko 500? Turo mini takardar likita in gani, ba na sayarwa sai da takarda." Ya ce ba ya sayarwa sai da takarda! Sannan ya ce, "Ka gaya mata ta riƙa kurkure baki da ruwa ta zubar duk lokacin da ta shaƙa, don kada bakinta ya yi fari-fari ya yi ciwo." Wannan maganar ce ta kama ni. Daidai abin da likitanta ya faɗa mana ke nan a asibiti, kalma da kalma. Har yanzu in na kwanta ita nake ji a kunnena, ta riƙa kurkure baki. Wane ɓarawo ne zai damu da bakin uwarka? Na ce masa na gode Dokta, ya ce shi ba dokta ba ne, ya dai karanci haɗa magunguna, ƙaninsa ne yake karatu a Alƙahira yake aiko masa ta hannun ɗalibai masu dawowa hutu. Har ƙin karɓar sunan dokta ya yi. Wa zai yi zargin irin wannan?

Duk da haka guda ɗaya na fara saya, dubu 30. Ya zo a kwalinsa a rufe, lambar jikinsa mai ƙirga shaƙar da ta rage tana kan 60, na kai wa wani mai kemis da na sani ya juya shi ya duba ya ce mai kyau ne. Inna ta yi wata guda da shi lafiya lau, har tana fita tsakar gida ta yi shara. Wannan shi ne gwajin da kowane mai hankali zai yi, kuma na yi.

Sai ya turo saƙon murya wai kaya na ƙarshe ne kafin dala ta sake tashi, ga hunturu na tafe, in na ɗauki shida zai bar mini a dubu 27 kowanne. Dubu 162. Ventolin huɗu a dubu 4 da ɗari 5, dubu 18. Ya kama dubu 180, da kuɗin mota dubu 7, dubu 187. Na manta ban faɗa ba, tun kafin nan na riga na ba wani abokin aikina labari a ofishin malamai, ɗansa yana da asma, shi ma ya kawo dubu 54 na guda biyu. Ni na kai masa maganar, da bakina na ce masa mutumin kirki ne, na gwada shi. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Sauran kuɗin kuwa adashen matata ne da ta ɗauka don ta sayi keken ɗinki, ta ba ni ta ce lafiyar Inna ta fi.

Da zan tura na ga sunan asusun ba nasa ba ne, na tambaya, ya ce na matarsa ne, nasa yana da matsala. Na farkon ma ai wani asusun ne, kuma kaya sun zo. Na tura dubu 187 yana kan waya yana mini addu'a, Allah ya ba Hajiya lafiya, Allah ya saka maka da aljanna kan hidimar uwa.

Kaya suka iso tasha a kwali an naɗe da salatif. Na buɗe na sama a gaban direba, 60, sabo. Na ba abokina nasa, na aika wa Inna sauran. Na saman nan shi kaɗai ne na gaske. Wanda bai san Seretide ba, gari ne a ciki ɗan kaɗan, sau da yawa ba ka jin komai ya shiga, kuma Inna ba ta karatun boko. Da na farko ya ƙare ta buɗe na biyu, tana ta ja safe da yamma, tana kurkure baki kamar yadda aka ce, alhali babu komai a ciki. Ga ƙura ta sauko. Tari ya dawo, ƙirji yana kuka, ba ta iya kwanciya sai a jingine. Muna cewa sanyi ne. Ƙanwata ce ta lura lambar ta tsaya a kan 0 da jan rubutu, ba ta motsi. Ta buɗe ragowar, ɗaya 0, ɗaya 3, an manne kwalayen da gam. Ventolin ɗin kuma biyu iska kawai suke fesawa, ɗaya an liƙa takarda a kan ranar lalacewarsa, da muka ɓare ta ashe ya daɗe da wucewa.

A'a, kafin ƙanwata ta gano ma abokina ya yi mini magana cewa na ɗansa kamar ba ya aiki, na ce masa ƙila yaron bai iya ja ba ne. Har kare mutumin nan na yi.

Daren da abin ya yi tsanani Inna ta kasa haɗa kalma biyu, leɓenta ya canza launi, aka fesa shuɗin babu komai. A Keke Napep muka kai ta asibiti, aka sa mata oksijin da na'urar turara magani. Kuɗin asibiti daban, ban ma sa shi cikin lissafin nan ba. Alhamdu lillahi an sallame ta, amma har yanzu ba ta koma yadda take ba.

Dubu 15 ɗin da ya cika 202 kuwa, na kira shi ina rawar jiki don fushi, ya yi salati, ya rantse da Allah yaransa ne suka haɗa kayan da aka dawo da su, zai aiko sababbi gobe, in tura dubu 15 na direba na musamman don ya iso da wuri saboda halin da Hajiya take ciki. Uwata tana kan gado, a famasi dubu 52, aljihuna babu. Na tura. Ku da kuke cewa da ku ne ba za ku tura ba, Allah kada ya nuna muku wannan daren. Alat yana shiga ya rufe ni a WhatsApp, layinsa a kashe, shafin Facebook ɗin ya ɓace. Mai kula da guruf ɗin da na gan shi ya ce shi ma bai san shi ba, wani ne ya saka shi. Na je banki na cike takarda, an ce za a bincika.

Dubu 202. Dubu 54 na abokina zan biya shi a hankali daga albashi, ko da ya ce in bari, ba zan iya haɗa ido da shi ba in ban biya ba. Matata ba ta ce komai ba kan kekenta.

Kada ku sayi inhela a waya. Ku je famasi mai rajista, ku buɗe kowane kwali a gabansu, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, Seretide irin na Inna ya nuna 60. In kuɗin ya fi ƙarfinku ku koma wurin likita ya canza muku da wani mai sauƙi, akwai su.

Ina da hotunan hirarmu duka, da rasit uku, da saƙon muryar da yake maganar kurkure baki, da hoton kwankunan. Zan saka su da daddare in an kawo wuta na yi caji. Na ji an ce ya canza suna yana tallan allurar masu ciwon suga a wani guruf. Duk wanda ya taɓa tura masa kuɗi ya yi mini magana ta akwatin saƙo, mu haɗa hujjojinmu mu kai wa 'yan sanda da NAFDAC tare.