Gargaɗi ga masu buga hoton baƙi da fari: ku kiyayi mai tawadar "kowace takarda"

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'ar hoto. Akwai wani mai talla a intanet da ke sayar da kwalaben tawada da sunan tawadar kabon ta asali. Cewa yake ana iya zuba ta a kowace firinta, tana hawa kowace takarda, kuma hoton da aka buga da ita zai shekara ɗari bai koɗe ba. Faɗin sunan shafinsa ba zai amfane ku ba, domin da ƙorafi ya yi yawa sai ya rufe ya buɗe wani. Ku gane shi da salon maganarsa.

Wannan da'awa ta "kowace takarda" ita kaɗai ta isa ta tona masa asiri. Tawadar hoto iri biyu ce. Akwai ta rini, wadda ke narkewa a ruwa ta shige cikin takarda, akwai kuma mai gari, irin su tawadar kabon, wadda ƙananan ƙwayoyinta ke zama a fuskar takardar. Mai gari ta fi jure haske, shi ya sa masu hoton baƙi da fari suke nemanta. To ko a cikin mai garin, baƙin ba ɗaya ba ne. Kamfanonin firinta na Epson da Canon duka suna yin baƙar tawada mai suna Photo Black domin takarda mai sheƙi, da Matte Black domin marar sheƙi. Ka buga Matte Black a kan mai sheƙi, yatsa kaɗai zai goge shi. Ka buga Photo Black a kan takardar auduga, baƙin zai fito dishi-dishi, ba zurfi. Tun 2005 da Epson ta fito da tawadar UltraChrome K3, baƙi uku take sakawa a firinta, mai duhu da toka-toka biyu, don inuwa ta tafi sumul. Manyan kamfanoni ba su iya haɗa wannan aiki a kwalba ɗaya ba, sai shi?

Abin da ke cikin kwalbarsa tawadar rini ce mai araha. Baƙin rini kuwa haɗin launuka ne, kuma ba tare suke koɗewa ba. Ranar farko hoton zai burge ka, har ma ya fi na mai gari ƙyalli, nan ne tarkon yake. Bayan wani lokaci a jikin bango sai ka ga fuska ta juya kore, ko sararin sama ya koma shunayya. A hoto mai launi ana iya kau da kai, amma a baƙi da fari ko ɗan karkata kaɗan ido zai kama.

Samfurin da yake aiko wa mutane kafin su biya yana da kyau ƙwarai, domin ba da tawadar da zai sayar maka ya buga shi ba.

Idan ka koma da ƙorafi, sai ya ce takardarka ce ba ta dace ba, ya tallata maka tasa, wai auduga zalla irin Hahnemühle Photo Rag mai nauyin giram 308 a kowace murabba'in mita. Ba ita ba ce. Takarda ce ta gama-gari da aka cika da sinadarin ƙara fari, wanda shi ma yana mutuwa, takardar ta koma ruwan ɗorawa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ka sake magana, ya ce furofayil ɗinka na ICC, wato fayil ɗin da ke daidaita launi tsakanin firinta da tawada da takarda, shi ne ba daidai ba, alhali shi bai taɓa ba ka ko ɗaya ba. Daga nan sai ya toshe ka.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda yake liƙa sunan Wilhelm Imaging Research a tallarsa. Wannan cibiya ta Amurka tana gwada daɗewar hoto da gaske, amma sakamakonta na firinta kaza ne, da tawada kaza, a kan takarda kaza. Ba ta yi wa kwalba marar suna shaida. Ku ce ya nuna muku sunan kayansa a cikin rahoton, ku ji yadda zai yi ta kame-kame.

Wanda ya riga ya saya, kada ya zuba tukuna. Ya ɗiga digo ɗaya a kan jiƙaƙƙiyar takardar goge hannu. Rini zai bazu, gefensa ya rabu zuwa shuɗi ko shunayya ko rawaya, mai gari kuwa yawanci tana tsayawa inda ta faɗi. Takardar kuma a haska ta da fitilar duba jabun kuɗi: idan ta ɗau shuɗi mai ƙarfi, sinadarin ƙara fari ne.

Wanda ya zuba ta a kan ragowar tsohuwar tawada, ya daina bugawa. Tawada biyu da ba su jitu ba suna iya daskarewa su toshe ramukan kan firinta, wato ɓangaren da ke fesa tawada, kuma canza kan Epson aiki ne mai tsada. A wanke bututun da ruwan wankin da aka yi domin haka kafin a mayar da ta asali. Ku adana hoton hirarku da shi da shaidar biya, ku kai ƙara wurin masu dandalin da kuma bankinku tun bai sauya suna ba.