Lesin ɗin TMUA da munka biya kuɗi, ga abin da na gani

Jama'a tunda na saka sakamakona a sitatus mutane sunka dame ni da tambaya, wane malami ne, nawa anka biya, ko ya ci kuɗinshi, to gara in rubuta sau guda kowa ya karanta in huta da amsa saƙo iri ɗaya sau ashirin. Sunan masu lesin ɗin dai ba zan faɗa ba don akwai ƙorafi cikin maganata kuma ba tonon silili na zo yi ba.

Ga wanda bai san ta ba, TMUA jarrabawar lissafi ce da wasu jami'o'in Ingila ke nema in kana son karatun lissafi ko tattalin arziki ko kimiyyar kwamfuta, irin su Imperial da Warwick da Durham da LSE (makarantar tattalin arziki ta Landan), har Kambirij tana nemanta a wasu kwasakwasai. Takarda biyu ce, kowace tambaya 20 cikin minti 75, duka canki-canka, babu kalkuleta, kuma ba a rage maka maki in ka faɗi tambaya. Sakamako daga 1.0 ne zuwa 9.0. Ana yin ta Oktoba da Janairu, ni ta Janairu na zauna.

Gaskiya da raini na shige ta. Nan unguwarmu Mabera ni ake turo ma yara in koya musu lissafi, kuma na yi JAMB inda ake jibga maka tambaya 180 cikin awa biyu, sai nic ce tambaya 40 cikin minti 150, wato minti uku da daƙiƙa 45 kowace guda, ai har gyangyaɗi sai in yi. Na sauke takardar wata shekara da ta wuce na zauna na sa agogo. Takarda ta ɗaya na ci 11, ta biyu 6. Shida cikin ashirin fa! Kuma abin haushin ba wai ban san lissafin ba ne, duk abin da ke ciki na taɓa ganinshi, amma sai ka ga zaɓi har zuwa H kuma uku daga ciki duk sun yi maka kama da gaskiya. Ranan ko tuwon dare ban iya ci ba.

Yayana da ke aiki Abuja shi ya samo masu lesin ɗin ta intanet ya biya na sati 12, sau biyu a sati ta Zoom. Malamin da anka haɗa mu da shi ɗan Najeriya ne shina digiri na uku a Ingila, mutum mai sanyin magana har ka ƙosa. Ranar farko ina jiran ya fara zubo fomula sai kawai ya rubuta n² + n + 41 yac ce in gaya mishi ko kullum wanga lissafi lambar da ba ta rabuwa yake bayarwa, wato wadda in ba 1 ko ita kanta ba babu mai raba ta. Na sa 1 na samu 43, na sa 2 na samu 47, 3 ta ba ni 53, na yi ta tafiya har 10 na samu 151, duk ba su rabuwa. Nic ce Malam ai kullum ne. Yac ce ka tabbata? Nic ce na gwada har goma. Yac ce to sa 40. Na buga, 1681. Yac ce 41 sau 41 nawa ne. Shiru na yi, don 1681 ne. Abin shina tafiya daidai tun daga 0 har 39 sannan ya watse a 40, kuma da na tsaya na kalli lissafin da ido maimakon in yi ta gwaji da na ga cewa in ka sa 41 ma dole 41 ta raba komi. Wallahi wannan minti goman ya fi min duk bidiyon da sunka turo.

Haka salonshi yake, ba ya karɓar amsa sai ka faɗi mi ya sa. Ko ka canka daidai sai yac ce to sauran zaɓin mi ya kashe su. Wani lokaci ya kawo hujjar lissafi mai layi shida wadda ta ƙare da shirme kamar 1 daidai take da 2, yac ce nemo layin da anka yi ha'inci, sai ka gano can layi na huɗu an raba da sifiri a ɓoye. Irin waɗanga tambayoyi su ne cike da takarda ta biyu kuma babu wanda ya taɓa koya mana su a sakandare, mu dai a ba mu fomula mu haddace mu zuba lamba.

Inda na fi shan wuya shi ne bambancin abin da yake dole da abin da ya wadatar. Sati biyu Malam na ta fama da ni, in x ta fi 2 to x² ta fi 4, wannan ya wadatar, amma ba dole ba ne don -3 ma in ka ninka ta da kanta 9 ce. Ina ganewa a aji, in na zo gwaji sai in juya su. Wanda ya warware min ba ma malamin lesin ba ne, Baffana ne da ke karantar da fiƙihu a zaure can cikin gari wajen Hubbare. Na je gaishe shi ya gan ni da takardu yac ce mi ke damunka, na yi mishi bayani iya yadda zan iya, sai ya yi dariya yac ce ɗana ai wannan sharaɗi ne, mu tun muna yara munka karanta shi. Alwala sharaɗin sallah ce, in babu ita babu sallah, amma don ka yi alwala ba shi ke nuna ka yi sallah ba. Shikenan! Tun ranan duk tambayar da ta zo sai in tambayi kaina wanne ne alwala a nan. Da na gaya ma malamin lesin yac ce zai ara ya riƙa ba ɗalibanshi Musulmi.

To ga ƙorafina. Da za a biya kuɗi cewa sunka yi aji ba ya wuce mutum huɗu, sati na uku mun kai tara, kuma wasu yaran a Ingila suke sun riga sun yi manhajar can, in anka jefo tambaya kafin netwok ɗina ya gama juyawa sun amsa an wuce. Na yi magana anka ce na ɗan lokaci ne, har munka gama ba a rage ko mutum ɗaya ba. Sannan ƙarshen Oktoba Ingila sunka mayar da agogonsu baya da awa ɗaya kamar yadda suke yi duk shekara, babu wanda ya sanar da mu, na shiga ƙarfe bakwai ina ta jira ni kaɗai har na haƙura na rufe, ashe ajin ya koma takwas a lokacinmu. Daga nan kuma ya riƙa cin karo da Isha'i, sai in yi sallah a gurguje in shigo a makare. Bidiyon da suke turowa kuwa cin data kawai, mutum na karanta abin da ke rubuce a allo. Ga ɗauke wuta, sau biyu a shagon cajin waya na bakin layinmu na yi aji janareta na ruri a kunnena, amma wannan ba laifinsu ba ne.

Wani abu kuma, takarda ta ɗaya ba su ba ta haƙƙinta ba. Ita sauri take so da iya sarrafa aljabra da zana giraf da ka ba tare da kalkuleta ba, kuma wannan ni na koya ma kaina, kullum bayan Asuba in zauna da tambayoyin baya cikin sanyin hunturu in sa agogo. Tambayoyin nan kyauta suke a shafin masu shirya jarrabawar har da amsoshi da bayani, akwai ma ɗan littafin da sunka yi kan manɗiƙi da hujja shi ma kyauta, kada wani ya sayar muku da su. Da yawan abin da masu lesin sunka ba mu a matsayin nasu daga can sunka kwaso.

Jarrabawar a kwamfuta ake yi a cibiyar kamfanin jarrabawa na Pearson VUE, ni Abuja na je na kwana wajen yayana. Ba a ba ka takardar yin lissafi, wani allo mai gogewa ne da alƙalamin maka, kuma da na san haka da na saba da shi tun a gida don rubutuna manya ne nan da nan nake cika shafi. Na samu 6.4. Ba shi ne ƙololuwa ba amma wanda ya fara da 6 cikin 20 ai sai hamdala.

In kana da wanda zai zauna ya saurari yadda ka yi tunani ya nuna maka inda ka zame, ko malamin lissafi ne a Jami'ar Danfodiyo ko wani ɗan aji huɗu mai haƙuri, ba sai ka biya waɗanga ba. In babu, to biya amma ka nemi na mutum ɗaya ko da sau ɗaya ne a sati, kuma a rubuta maka yawan 'yan aji kafin ka tura ko sisi. Malamin na ba shi biyar cikin biyar, masu karɓar kuɗin biyu. Har yanzu ina bin su ajin nan guda da canjin agogo ya cinye, na tura saƙo sau uku, ana karantawa ba a amsawa.