Sharhi Kan Sabon Direban Fitilar LED a Zafin Sakkwato

Yawancin fitilun LED da ke mutuwa a garin nan ƙwayoyinsu masu ba da haske lafiya ƙalau suke. Abin da ke ƙonewa shi ne ɗan allon da ke bayansu, wanda masu gyaran wuta ke kira direba, mai karɓar wutar gida ta bolt 230 ya mayar da ita madaidaiciyar wutar da ƙwayoyin ke buƙata. Wannan ne ya sa da fitilun wat 50 na shagon ɗinkina a Mabera suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, na bi shawarar mai gyara na sayi direba daban a Babbar Kasuwa, aka sa musu.

An rubuta a jikinsa cewa yana isar da kashi 90 cikin 100 na wutar da ya karɓa, wato a cikin wat 50, wat 5 ne kawai ke tafiya a zafi. Wanda bai zauna Sakkwato a watan Afrilu ba zai ga wannan ƙaramin abu ne, amma a lokacin da zafin gari ya haura digiri 40, ga rufin kwano a sama, duk wat ɗin da ya zama zafi yana cin ran kafasitar da ke ciki, wato ɗan abin da ke tara wuta yana daidaita ta, domin masu ƙira sun san ƙarin digiri 10 yana rage kwanakinta da kusan rabi. Tsohon allon da aka ciro, kan kafasitarsa ya kumbura, gefensa ya yi baƙi, kuma digiri 85 aka rubuta a jikinta. Ta sabon kuwa digiri 105 take ɗauka, kuma bayan Isha'i ina iya ɗora hannu a kan murfinsa ba tare da na janye ba.

Abu na biyu da ya gamsar da ni shi ne haƙurinsa da raunin wuta. Yana aiki daga bolt 100 zuwa 265, saboda haka ko fanka ta fara juyawa da ƙyar, ko an koma janareta, hasken ba ya dishewa. Rawar hasken da kyamarar waya ke nunawa idan muna ɗaukar hoton babbar riga ita ma ta ɓace, masu aikin surfani sun rage kukan ciwon ido.

Yana da nasa aibin. Kuɗinsa ya kusa na sabuwar fitila mai araha, kuma girmansa ya sa dole aka ɗaure shi a wajen gidan fitilar. Idan aka kusanto da rediyo ana kama gajeren zango, sai a ji ƙara, abin da ya fi ɓata wa babban telanmu rai da yamma. Sannan wajibi ne mai gyara ya duba adadin miliamfiya, wato ma'aunin yawan wutar da ƙwayoyin ke ɗauka, kafin ya haɗa, domin direban da ya fi ƙarfinsu ƙona su zai yi. Ga fitilar da ke kwana a kunne ya cancanci kuɗinsa, amma ban ga dalilin sa shi a ƙwan ɗakin ajiya ba.