Shagon haɗa takardun neman kujerar shugaban jami'a a Sakkwato: ya iya bugu, bai iya dubawa ba

Duk lokacin da majalisar gudanarwar wata jami'a ta fitar da sanarwar neman sabon shugaba, akwai wani shagon buga takardu kusa da harabar cikin gari ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da farfesoshi ke kai wa aiki. Abin da yake yi shi ne shirya tarihin aiki, da takardar manufa, da kwafin takardun shaida, ya ɗaure su iya adadin da sanarwa ta nema.

A wajen bugu babu abin ƙi. Takarda A4 ce mai giram 80, baƙin ya fita fes, kuma kafin a kwafi shaida sai yaron shago ya goge gilashin na'ura da ƙyalle, don ƙurar hunturu kan ja dogon layi a kan hatimi. Sai sun buga kwafi ɗaya mai aiki ya duba kafin su saki sauran. Suna da janareta. Ɗauri iri biyu suke yi, na waya mai murɗe da na gam. A zaɓi na waya. Na gam, in aka bar shi cikin mota da zafin Afrilu, sai ya saki, shafuka su zube a hannun mai tantancewa.

Inda suka gaza kuwa shi ne inda rigima take. Ba sa gwada kwanan watan da ke cikin tarihin aiki da wanda ke kan wasiƙar ƙarin girma. Wasiƙar zama farfesa tana ɗauke da rana biyu: ranar da aka rubuta ta, da ranar da muƙamin ya fara aiki, wani lokaci da tazarar shekara ko fiye. Idan sanarwa ta ce sai wanda ya shekara goma yana farfesa, wannan tazarar kaɗai ta isa abokin takara ya rubuta ƙorafi. Mai buga rubutun yakan ɗauki ranar da idonsa ya fara gani, kuma wannan sakaci ne da bai dace da aiki mai wannan nauyi ba.

Ba ƙaramin abu ba ne. A jami'o'in tarayya, kwamitin haɗin gwiwa na majalisar gudanarwa da majalisar malamai, ƙarƙashin shugaban majalisar gudanarwa, shi ke tantance 'yan takara ya miƙa sunaye uku. Majalisar gudanarwa ta zaɓi ɗaya, wa'adi guda na shekara 5, sannan ta sanar da Shugaban Ƙasa. Kowane mataki a kan takarda yake tsaye. A Nuwamban 2024 Shugaba Tinubu ya rushe majalisar gudanarwar Jami'ar Nnamdi Azikiwe ta Awka, ya cire shugaban da ta naɗa, bisa zargin rashin cika ƙa'ida. A Fabrairun 2025 haka ta faru a Jami'ar Abuja bayan doguwar taƙaddama kan naɗin.

Kuskure na biyu: sukan so su cusa wasiƙun masu ba da shaida cikin ɗaurin. A hana su. Galibi sanarwa kan ce mutum uku su aika tasu a rufe, kai tsaye ga rijistara, wanda shi ne sakataren majalisa.

Wanda zai kai musu aiki ya tafi da sanarwar kanta a hannu, ya ba su fayil na PDF don kada layuka su goce a wata kwamfutar, ya zauna da jan biro ya bi kowace rana ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙara kwafi biyu a kan adadin, ɗaya don a buga masa hatimin karɓa. A rubuta sunan muƙamin a saman ambulan yadda sanarwa ta faɗa. Kuma ya tsaya har a goge fayil ɗinsa daga kwamfutar shagon a gabansa, domin mai zuwa bayansa yana iya zama abokin takararsa.