Ɗakin sanyi ko wankan ƙanƙara: wanne ya fi wa ɗan ƙwallo?

Ɗan'uwa, ka ce kuna atisaye a Murtala Square, jikinka yana tsami bayan wasa, kana tambaya ko ɗakin sanyin nan da irin su Cristiano Ronaldo ke shiga, wato kirayoterafi, ya fi wankan ƙanƙara. A ganina bai fi ba.

A ɗakin sanyi, mutum kan shiga da gajeren wando, safa da safar hannu, ya tsaya minti 2 zuwa 4 cikin iska mai sanyin digiri 110 zuwa 140 ƙasa da sifili. Wani likita ɗan Japan, Toshima Yamauchi, shi ya fara shi a 1978 don masu ciwon gaɓoɓi. Wankan ƙanƙara kuwa ruwa ne mai digiri 10 zuwa 15, a zauna ciki minti 10 zuwa 15. Kada lissafin ya ruɗe ka. Ruwa ya fi iska zuƙe zafin jiki nesa ba kusa ba. Duk wanda ya taɓa watsa ruwan randa da asubar hunturu ya san haka.

Sai batun hujja. Masu bitar bincike na Cochrane sun duba ɗakin sanyi a 2015, suka tarar da gwaji 4 kacal, mutum 64, suka ce hujjar ba ta isa a ce yana rage tsamin jiki ba. A 2012 sun duba gwaji 17 kan shiga ruwan sanyi, suka ga yana ɗan rage tsamin fiye da hutawa kawai. Ɗan ragi, ba mu'ujiza ba. Zancen rage ƙiba, gyara fata da maganin damuwa kuwa, bakin masu talla ne. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta faɗa a 2016 cewa ba ta amince da ko ɗaya daga na'urorin nan don maganin wata cuta ba.

Haɗarin ɗakin ya fi tayar min da hankali. Wasu na'urorin da iskar naitirojin ake sanyaya su, ita kuwa tana kore iskar da muke shaƙa. A 2015 wata ma'aikaciyar wani wurin kirayoterafi ta rasu a cikin irin wannan na'ura a jihar Nebada ta Amurka bayan ta shiga ita kaɗai. Ɗan tseren nan Justin Gatlin ma sanyin ya ƙona masa ƙafafu a 2011 saboda ya shiga da jiƙaƙƙiyar safa.

Ruwan ma ba abin wasa ba ne. Faɗawa ciki farat ɗaya yana sarƙe numfashi, ya sa zuciya bugu da sauri. Mai hawan jini ko ciwon zuciya kada ya gwada ko ɗaya sai ya ga likita. Mai sikila kuwa ya nisanci duka biyun, domin sanyi na cikin abubuwan da ke tayar da ciwon.

In kana lafiya, sayi ƙanƙara, zuba a babban baho, shiga a hankali zuwa ƙugu, wani yana kusa da kai. Da ka ji jiri ko yatsu sun mutu, fito.