Takalmin Steenbeek: mai araha ne, amma sai an iya ɗaura shi

Jaririn da aka haifa da ƙafa a murɗe ciki, idan aka bi hanyar Ponseti, wato miƙar da ƙafar a hankali da hannu ana ɗaure ta da simintin asibiti, ana canza masa siminti duk mako, sau biyar zuwa bakwai. Yawanci ana ɗan yanke jijiyar agara, a sa siminti na ƙarshe na mako uku. Ranar da aka cire shi takalmin ƙarfe ke karɓar aiki, kuma mafi yawan ƙafafun da ke sake murɗewa rashin sa takalmin ne ke jawowa.

Michiel Steenbeek ne ya ƙirƙiro samfurin takalmin ƙarfe mai sunansa a Uganda: takalma biyu na fata masu igiya, yatsu a waje, an kafe su a kan sandar ƙarfe. Ƙafar da aka gyara ana buɗe ta waje digiri 60 zuwa 70, lafiyayyar 30 zuwa 40, gaban takalmin kuma ya ɗaga sama digiri 10 zuwa 15. Tazarar dundunniya da dundunniya ta yi daidai da faɗin kafaɗun yaron. Ana sa shi awa 23 kullum na wata uku, daga nan sai dare da barcin rana har ya kai shekara huɗu zuwa biyar.

Abin da ya fi burge mu shi ne ramin da ke wajen dundunniyar takalmin. Ta nan uwa za ta leƙa ta ga ko dundunniya ta zauna ƙasa. In ta ɗage, ƙafar na goga da fatar takalmin, sai salɓewa, sai kuka, sai a cire takalmin a ajiye. Maganin: safar auduga marar ninki, a lanƙwasa gwiwa, a danna dundunniya ƙasa, sannan a ja igiya sosai daga tsakiya. A ja layi da biro a inda yatsu suka tsaya. In suka koma ciki, ƙafar ta zame.

Aibinsa a fili yake. Takalman ba sa cirewa daga sandar, don haka sa wa yaro mai shure-shure aiki ne na mutum biyu, goyo ma sai an koyi dabara. Ingancinsa ya danganta da hannun wanda ya ɗinka: wani fatarsa da tauri, wani kusurwarsa ba daidai ba, ƙarfen kuma kan yi tsatsa in fitsari ya yawaita jiƙa shi. Wani samfurin takalmin da ake kira Mitchell, mai maɗauri uku da laushin ciki da sandar da ake ɓallewa, ya fi shi sauƙin sawa, sai dai tsadarsa ta ninka sau da yawa, ga shi yaro zai canza lamba sau da dama kafin ya gama.

Mu Steenbeek muke zaɓa, da sharaɗin ma'aikacin asibiti ya auna kusurwar kafin a tafi da shi gida. Kukan kwana biyu ko uku na farko ba dalilin cirewa ba ne. Jan tabon da bai ɓace ba bayan minti 20 da cire takalmi, wannan kam a koma asibiti.